Garwashin Gwaggo Hansai

Ranar Juma'ar da ta biyo bayan ƙaramar Sallar bara, mutane na fitowa daga masallaci, Nafi'u ya sa aka jingina tsani a ƙofar gidana. Ya hau da kansa, da farar shaddarsa, ya sa filaya ya datse wayar sola da ta shiga gidan. Da ya sauko, ko hannu bai kakkaɓe ba ya juya ya gaya wa jama'a cewa abin da ake yi wa ɓarawo ke nan. Surukina na tsaye a wurin, babban ɗana ma haka. Ni Haladu, na haura hamsin, ban taɓa tsinkar ko zangarniyar geron wani ba, aka kira ni ɓarawo a bakin ƙofata. Laifina shi ne na ja waya daga ɗakina, na tsallaka danga da ita, na rataya wa wata tsohuwa ƙwan fitila ɗaya a ɗakinta. Ban yi boko mai nisa ba, a aji huɗu na tsaya, don haka ban iya lanƙwasa magana ba. Zan faɗi ko wace ce tsohuwar nan, da abin da ta zama gare ni da shi wanda ya hau tsanin, sai kowa ya yi nasa hukuncin.

Garinmu a gindin duwatsu yake tsakanin Roni da Gwiwa, kuma lokacin da muke yara ashana ba abar wasa ba ce a cikinsa. Sai ranar kasuwar Roni ake sayo ta, maigida ya adana a aljihun 'yar shararsa. In damina ta sauka kuwa ta yi sanyi, ka yi ta ƙyastawa har kan ya marmashe ba ta kama ba. Abin da ya riƙe unguwarmu shi ne murhun Gwaggo Hansai. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu. Danga ce kawai ta raba gidanta da na mahaifina, 'ya'yan da ta haifa kuma babu wanda ya yi tsawon kwana. Sana'arta daddawa. Wanda ya san kalwa ya san ba ta nuna da wasa: sai a wuni a kwana ana yi mata wuta, a sauke a surfa, a wanke, a sake ɗorawa da kanwa. Tukunyarta ba ta cika sauka ba, in ma ta sauka, sai ta tura gungumen kirya cikin toka ta binne, ya kwana yana ci a hankali. Tun da na yi wayo har na yi gemu ban taɓa ganin murhun nan ya mutu ba. Warin gidan kuwa ba a magana. Baƙo tun daga bakin rijiya yake toshe hanci, amma mu da muka tashi a ciki, har yau in na ji warin kalwa tana ruɓa, yunwa da kewa ke taso mini tare.

Da an idar da sallar asuba za ka ga yara na fitowa daga lunguna, ido duk kwantsa, kowa da abin ɗiba a hannu. Wani tsingaron fasasshiyar tukunya, wani murfin kwanon da ya yi lamba, wani kandilo, wato busasshen kashin shanu. 'Ya'yan Fulanin bayan dutse ma sukan gangaro in ruwa ya kashe musu wutarsu, su taho mata da ɗan kindirmo a ƙoƙo, ta yi ta faɗa wai ita ba ta sayar da garwashi, sannan ta karɓa ta raba mana. Tana zaune a kan turmin da ta kifa, da tsohuwar fartanya marar ƙota a hannu, da ita take ɗiba. Wanda ya manto abin ɗiba ba ta mayar da shi gida. Sai ta ce ya buɗe tafin hannu, ta cika shi da toka mai sanyi, ta dangwala garwashi ɗaya a tsakiya, ta ce ya tafi a hankali ban da gudu. Doka ɗaya ce a gidan, ba a godiya. In sabon yaro ya yi kuskuren cewa an gode, sai ta harare shi ta ce, "Godiyar me? Duba murhun, me ya ragu?" Mu kuma mu duba, mu ga babu abin da ya ragu. Abin bai tsaya nan ba. Wanda ya kai gida aka hura, in maƙwabci ya leƙo ta kan danga sai a miƙa masa, shi ma ya miƙa wa na gaba. Kafin rana ta ɗago hayaƙi ya tashi a kowane gida, duk tushensa ɗaya. Lokacin sassabe iyayenmu maza kan tafi gona da kandilo yana hayaƙi a hannu, da shi ake ƙone tarin ƙaya, har gonakin da ke can bakin rafi. Ko matan da ba sa ga maciji da juna ba sa hana wa juna garwashi. Za a miƙa ana kau da kai, amma dai za a miƙa.

Wanda ya fi kowa sammako shi ne Nafi'u. Sa'ana ne, tare aka yi mana kaciya, a zaure ɗaya muka yi jinya. Mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwar ƙanwarsa, mahaifinsa kuma ɗan cin rani ne, da an gama girbi yake barin su da kakarsu makauniya ya nufi kudu. Murhunsu kullum a mace yake kwana. Sau da yawa kafin in fito zan same shi a rakuɓe gindin tukunyar kalwa da ɗumamen tuwo a gabansa, Gwaggo na tsokanarsa da angona, wai ya yi sauri ya girma kafin haƙoranta su zube. Wata safiya cikin sanyi tsingaronsa ya fashe, ta zuba masa toka a hannu. Yana fita iska ta kwashe tokar. Ina bayansa, da idona na gani. Da wani yaron ne yarwa zai yi ya fasa kuka, shi kuwa ya tuna ƙanwarsa na jiran kunu, ya cije leɓe ya ruga da garwashin a kan naman hannunsa har murhunsu, sannan ya faɗi. Gwaggo ce ta zo ta saɓe shi a kafaɗa, ta tsoma hannun a randa, ta fasa ɗanyen ƙwai ta shafa masa, ta bi da zuma. Har ya warke a ɗakinta yake kwana, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke kai wa ƙanwarsa kunu da kanta. Ya warke da farin tabo a tsakiyar tafin hannunsa na dama, faɗin kwabo. A lokacin na fi shi alfahari da tabon nan. Duk wanda ya taɓa shi a makaranta ni nake tare masa faɗa, in ce ku kalli hannunsa, wa ya isa ya yi abin da ya yi a cikinku.

Har makaranta garwashin nan yake raka mu. Mukan huda gwangwanin madara da ƙusa, mu ɗaura masa waya, Gwaggo ta zuba mana, mu tafi muna wulwula shi a iska yana ja yana tartsatsi. Ajinmu gindin darbejiya ne, ƙararrawa kuma tsohon bakin garma aka rataya a reshe. Muna ɓoye gwangwanayen a bayan katangar 'yan aji shida, da an fita hutun ƙarfe tara mu zuba gyaɗar da muka yi roro mu gasa. In malaminmu ya kama, sai ya ƙwace ya yi mana wa'azi a kan gobara, sannan ya ajiye gwangwanin a ƙarƙashin teburinsa ya cire takalmi yana ɗumama ƙafa. Da bazara mu ne 'yan aikinta. Mu hau ɗorawa da ƙugiya mu kaɗo, mu ɓare, mu sha garin har bakinmu ya koma rawaya, mu kai mata kalwar. Ladanmu ta gutsura mana daddawa mu daka da barkono da gishiri mu ci da rogo. Da magariba da kara ake ɗebo harshen wuta a kunna aci-bal-bal, in akwai mai. A gidan su Nafi'u babu, don haka a gindin tukunyar kalwa yake buɗe littafinsa, Gwaggo na ƙara tura kara don ya gani, tana mita wai angonta zai ƙarar mata da makamashi a kan karatun da ba ya sa miya daɗi. Mu muna waje muna langa, shi yana ciki. Ban taɓa jin haushi ba. Shekarar da kurkunu ya kwantar da mahaifina damina guda, na ajiye littafi na ɗauki fartanya, ban sake komawa ba. Shi ya ci jarrabawa ya tafi Kazaure. Ranar tafiyarsa Gwaggo ta ƙulle masa daddawa a tsumma, ni na ɗaukar masa akwati a ka har bakin titi.

Daga nan rayuwa ta raba mu yadda take raba mutane. Ya zama ma'aikaci, ya je Makka, ya gina gidan siminti a garin amma iyalinsa na Kazaure. In ya zo ko zama ba ya yi, kamar wanda aka aiko ɗibar wuta. Amma zan faɗi gaskiya ko a kan wanda ya cuce ni: shi ya yi ta zirga-zirga har aka kawo mana sola. Tun ina yaro ake cewa lantarki na nan tafe. Turakun da aka taɓa kafawa har gara ta cinye su ba a ɗaura musu waya ba. Da masu sola suka zo da farantansu da baturansu, gayya muka yi. Ni na haƙa ramukan turakun layinmu da hannuna, na ɗauki bulo a ka kamar ƙaramin yaro. Ranar da aka kunna na rasa inda zan sa kaina don murna. Matata ta daina aika niƙa wani gari, muka daina ba ɗan acaɓa wayoyinmu ya kai caji Roni, allurar rigakafin yara ta koma kwana da sanyinta a asibitinmu na sha-ka-tafi, jikokina na karatu ido bai yi ja da hayaƙi ba. Duk wanda ya ce sola ba alheri ba ce ƙarya yake. Aka kafa kwamiti, aka ba Nafi'u shugabanci, kowa ya koma ce masa Ciyaman.

Gida ɗaya aka tsallake a layinmu. Ma'aikatan suka ce ba sa shigar da waya ɗakin ciyawa, gudun gobara. Matar da take kwana da wuta a ƙarƙashin ciyawa tun kafin a haifi ubanninsu, ko tsinke bai taɓa ƙonewa ba. A lokacin Gwaggo ta tsufa tukuf, ta bar daddawa, ƙafa ta ƙi, ido sai dishi-dishi. Na yi na yi ta dawo gidana, ta ce daga ɗakin da aka kawo ta za a fitar da ita. Na ce to bari in yi mata rufin kwano, ta ce ita ba za ta kwana a cikin ganga ruwa na kaɗa ta ba. Na sayo mata 'yar fitilar sola ta hannu a kasuwar Kazaure, na nuna mata yadda ake shanya ta a rana. Bayan kwana biyu na tarar ta naɗe ta a zane ta sa a ƙasan kwalla, wai kyautar ɗa ba a barinta rana ta ci. Na fitar, ta mayar. Na sake fitarwa, ta sake mayarwa. Ana haka kunama ta harbe ta wata magariba tana laluben buta. Na same ta tana juyi a ƙasa ita kaɗai, alhali turken awakina ya fi ɗakinta haske. Washegari na sayo waya mai kauri, na zura ta cikin tiyo, na ɗaure a sanda nesa da ciyawa, na rataya ƙwai. Makunnin a ɗakina yake, daga mitata yake ci, katin da gumina na saya. Ban ɓoye ba, don ban san abin ɓoyo ba ne. A kaina garwashi na miƙa ta kan danga, yadda na ga ana yi tun ban san dama da hagu ba.

Ranar farko da na kunna, na zagaya in gani. Na same ta ta ɗaga kai tana kallon tankar ɗakinta, tana cewa ashe yanar gizo ta yi yawa haka ba wanda ya gaya mata. Sai ta juyo ta fara sa mini albarka, na ga godiya za ta yi. Na ce, "Gwaggo, leƙa gidana ki gani, me ya ragu?" Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. A watannin da suka biyo baya matan unguwa suka koma taruwa a ɗakinta bayan magariba suna ɓarar gyaɗa, yara na zaune tana ba su tatsuniyoyin da ta ba mu, har da inda take mantawa su tuna mata. Na ɗauka wani abu ne da ya tafi ya dawo.

Daga baya na ji hujjar kwamiti. Wai in kowa ya ja wa maƙwabcinsa batura za su gaji gari ya koma duhu, wai wasu sun fara ja da wayar banza har wuta ta ja wani yaro, wai dole a yi misali da mutum ɗaya. Ban ce duk ƙarya ba ne. Amma Nafi'u ya san hanyar gidana, ya san hanyar gidanta. Da ya zo ya zauna a tabarmata ya ce Haladu ga matsala, da mun nemo mata mafita. Ko rufin kwanon ne, da angonta ne ya roƙe ta, da ta yarda. Bai zo ba. Ya jira Juma'a, ya nemo tsani, ya faɗi kalmar da ya faɗa. Kuma ni ya zaɓa don ya san ba ni da kowa a sama, ga shi in ya fara da abokin ƙuruciyarsa za a ce adali ne. Aka ce ba za a mayar mini ba sai na tsaya gaban kwamiti na ce na yi sata na tuba. Matata ta roƙe ni har ta gaji, ɗana ya daina zama majalisa don ana yi masa kallon ɗan ɓarawo. Duhun gidana bai dame ni ba, a duhu na girma. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne magaribar ranar. Na shiga wurin Gwaggo. Ta ce ta ga abin ya mutu. Na ce e. Na kasa gaya mata wanda ya kashe. Ta gyara zama ta ce, "Ba komai, da safe wani zai kawo. Ka gaya wa angona, shi mai sammako ne."

Yanzu in na fito bayan isha'i gari haske tar, kowane gida da nasa, kowane haske da mitarsa. Ashana ta yi araha, akwai masu risho, akwai masu gas. Ba yaron da ya san yadda ake ɗaukar garwashi a tafin hannu. Na gwada nuna wa jikana, uwarsa ta fizge shi kamar zan yanka shi. Ba cewa nake a koma da ba. Na san hayaƙi, na san tari, na san yaran da suka ƙone ba su yi sa'ar Nafi'u ba. Amma a da, duk duhun garin, ba gidan da zai wayi gari ba a san ko murhunsa ya tashi ba, don dole wani ya leƙa, ko ya karɓa ko ya bayar. Yanzu tsohuwa na iya kwana a mace bayan danga, hasken maƙwabta na dukan bayan ɗakinta, ba wanda ya sani. Leƙen nan nake kewa.

Murhun Gwaggo ya mutu tun da hannunta ya daina iya jan kirya. Don haka kullum da safe ni nake ɗebo garwashi daga murhun matata a tsingaro, in zagaya in hura mata ta ji ɗumi. Da magariba in kunna mata aci-bal-bal, a ƙarƙashin ciyawar da aka ce gobararta ake tsoro. Kuma kullum sai ta tambaye ni ko angonta ya zo, in ce aiki ne ya riƙe shi.

Ran nan, ana gab da azumi, na fito da tsingarona sai ga motarsa a bakin lungu, ya zo wani suna. Ya sauke gilashi, ya ce Malam Haladu har yanzu fushi ake. Ya ce in zo in faɗi kalma biyu kawai a wuce wurin, shi ma matsa masa aka yi, a ranar za a mayar mini. Na tambaye shi ita fa. Ya ce wannan doka ce, ba a hannunsa take ba. Sai ya miƙo hannu ta taga mu gaisa. Ban ajiye tsingaron ba. Na kalli tafin hannun, tabon na nan fari, ya ɗan yamutse yadda mu ma muka yamutse.

Na ce, "Nafi'u, ba zan ce maka Ciyaman ba, don ba da Ciyaman muka yi jinyar kaciya ba. Ka ga wannan? Daga gidana na ɗebo, gidanta zan kai, kuma ba wanda ya ba ni izini. In sata ce, sauko ka kashe, hannun nan naka ya saba. Ni ba zan tuba ba, riƙe wayarka. Amma kullum sai ta tambaye ni kai, kuma na gaji da yi maka ƙarya. Yau zan gaya mata wanda ya hau tsanin, sai dai in ka riga ni shiga ka gaya mata da bakinka. Ka san ƙofar. Da can kai ke riga kowa."